Webley Mark VI ta 1918 a kan dala 1,150: abin da na gani a jikinta, da dalilin da ya sa ban biya ba

Bindigar tana da kyau, shagon ma ba shi da laifi, kuɗin ne bai dace da kayan ba. Hukuncina ke nan a kan wata libarba ƙirar Webley Mark VI da aka sa wa dala 1,150 a wani shagon tsofaffin kayan soja da ke bayan garin Kolombus, a jihar Ohayo ta Amurka. Mai sauri wannan ya ishe shi. Wanda kuma yake da niyyar zuba kuɗinsa a irin wannan tsohon ƙarfe, ya ɗan yi haƙuri ya karanta, domin abin da ya karya mata daraja bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, kuma wanda bai san inda zai duba ba sai ya biya ya kai gida bai gan shi ba.

Ni ba maharbi ba ne. Tara kayan sojan zamanin Turawa nake yi: lambobin girma, maɓallan riga, bajon hula mai hoton bishiyar kwakwa na Rundunar Afirka ta Yamma, wato RWAFF, da tsofaffin hotuna. Na daɗe ina son in sami libarbar da hafsoshin Ingila suka riƙa ratayawa a wancan zamani, kuma duk wanda ya san harkar ya san Mark VI ita ce uwar gayya. A 1915 sojan Birtaniya suka karɓe ta, kamfanin Webley & Scott na Birmingham ya ƙera ta da yawan gaske a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya masana'antar gwamnati da ke Enfield ta ci gaba da ƙera ta a shekarun 1920. Harsashi shida take ci, nau'in .455, bututunta inci 6, nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya. Karyewa take yi a tsakiya: ka danna sakatar da ke gefen hagu da babban yatsa, bututun ya sunkuya ƙasa, kwansunan nan shida su yi tsalle su fito lokaci guda. Ko da aka maye gurbinta da ƙaramar Enfield mai harsashi .38 a farkon shekarun 1930, ba a daina amfani da ita ba, ta shiga Yaƙi na Biyu ma.

Hotonta na fara gani a shafin shagon na intanet, hotuna uku, duk daga nesa. Akwai maɓallin saye nan take, amma ba na cinikin biri a sama, sai na ɗauki tocila da gilashin ƙara girma na tafi.

Shagon ƙarami ne, tsaf-tsaf, yana warin man bindiga da tsohuwar fata. Mai shi dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ciro ta daga akwatin gilashi, ya karya ta ya nuna mini babu komai a ciki kafin ya miƙo, ya shimfiɗa mini ƙyalle a kan kanta, ya kunna fitila, ya koma wajen wani mai saye ya bar ni da ita. Wannan kaɗai ya ɗaga darajar shagon a idona. Akwai wuraren da mai kaya zai tsaya maka a ka yana zuba magana don kada ka sami sukunin dubawa. Ya kuma gaya mini tun farko cewa ba tasa ba ce, magadan wani mamaci ne suka kawo ya sayar musu ya ɗauki la'adarsa, su ne kuma suka rubuta 'yar takardar da ke ɗaure a zoben gindinta.

Takardar nan ita ta jawo ni, kuma ita na fara warwarewa. An rubuta cewa wani hafsan Rundunar Afirka ta Yamma ne ya yi yaƙin Kamaru da ita. Ga ɗan Arewa mai tara irin kayan nan, wannan magana ce mai motsa zuciya. Sojojin Rajimantin Nijeriya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne kuma Hausa ce harshen bariki a wajensu, su suka tsallaka daga ɓangaren Yola suka yi ta fama da Jamusawa a Garwa har ta faɗi a watan Yuni na 1915, kuma da su aka yi wa dutsen Mora zobe har Kyaftin von Raben ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Nan yaƙin Kamaru ya ƙare. To, a gefen hagu na jikin bindigar, ƙasa da gangar harsashi, ga rubutun kamfani sarai: sunan Webley, da Mark VI, da shekara, 1918. Bindigar da aka buga wa 1918 ba ta je Garwa ba, ba ta je Mora ba. Ko yaƙin Mahiwa na Gabashin Afirka, inda birget ɗin Nijeriya ya sha wuya a hannun kwamandan Jamus von Lettow-Vorbeck a Oktoban 1917, an gama shi ba a ƙera ta ba.

Na nuna wa dattijon. Ya sa tabarau ya duba, ya yi dariya, ya ce wataƙila iyalan sun haɗa yaƙe-yaƙen ne, ƙila ƙasar Bama (Burma) ta Asiya ake nufi. Hakan na iya yiwuwa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa har yau muke da barikin Myohaung da na Arakan a Legas da na Chindit a Zariya, duk sunayen da aka ɗauko daga wancan yaƙi, kuma a lokacin Mark VI tana hannun wasu hafsoshin. Amma yiwuwa ba shaida ba ce. Na juya ta ta kowace fuska, babu hatimin runduna, babu sunan mutum a bayan ƙota, babu kube mai rubutu, babu wasiƙa ko hoto da ya zo tare da ita. Ba na cewa magadan ƙarya suka shirya, labarin gida haka yake, kaka ya faɗa, jika ya ƙara. Ni dai ba zan biya ko sisi a kan labarin da ƙarfen bai tabbatar ba, kuma na lura kuɗin da aka sa mata har da na labarin a ciki.

Sauran hatiman jikinta kuwa gaskiya suke faɗa, kuma sun yi mini daɗi. Kibiyar nan mai faɗi ta gwamnatin Birtaniya tana nan a jiki da bututu da wasu ƙananan sassa. Akwai kambi da haruffan GR na Sarki George na Biyar, akwai tutoci biyu gicciye na gwajin soja, akwai ƙananan tamburan masu duba aiki. A gefe guda kuma ga kibiyoyi biyu sun haɗa kai, alamar cewa soja sun sallame ta an sayar. Sai hatimin BNP mai kambi na gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda ake bugawa kafin a shigar da ita kasuwar farar hula, da kalmar ENGLAND da aka buga mata don shigowa Amurka. Idan ka jera su za ka karanta tafiyarta: an ƙera ta a 1918, ta yi aikin soja, an sallame ta, an gwada ta, an loda ta a jirgi tare da dubban 'yan'uwanta a zamanin da rarar makaman yaƙi ke kwarara Amurka, kafin dokar makamai ta Amurka ta 1968 ta rufe wannan ƙofa. Wannan tarihin na yarda da shi, tunda a jikinta yake.

Launinta na asali ne a ganina. Baƙi-shuɗi ne marar sheƙi irin na ƙirar lokacin yaƙi, ya koɗe a bakin bututu da gefen ganga inda kube ke goga, ya koma ruwan toka a ƙota inda hannu ke riƙewa. Abin da nake nema shi ne alamar an goge ta an sake rina ta: kusurwoyi su daskare, rubutu ya yi shafe-shafe, bakin ramukan noti ya lotsa. Babu ko ɗaya. Kusurwoyin da kaifinsu, sawun injin masana'anta yana nan. Marfin ƙotar baƙar roba ce mai tauri, da ɗan ɓalli a ƙasan na dama, abin da ba a rasa ba a kayan da suka haura shekara ɗari. Zoben igiya yana nan. Kan noti biyu ya ɗan ci, wani ya taɓa sa musu abin da bai dace ba.

Cikin bututu na haska tocila. Tsagar murɗin tana nan da ƙarfinta, sai ɗan duhu da ƙananan ramukan tsatsa kusa da gindi, irin abin da tsohon harsashi ke bari idan ba a wanke da wuri ba. Ga mai ajiya wannan ba komai ba ne. Gaɓar da take karyewa ba ta girgiza, sakatar tana kamawa da ƙarfi, sifirin ɗinta bai mutu ba. Na nemi izini kafin in taɓa kunama, ya ba ni. A nan mutane da yawa ke zaluntar Webley: su ja guduma baya, su girgiza ganga, su ji tana motsi, su ce ta lalace. Ita ba ta kulle ganga sosai sai an ja kunama har ƙarshe. Sai ka ja guduma, ka ja kunama ka riƙe, ka sauke gudumar a hankali da yatsa, sannan ka gwada gangar kunamar tana riƙe. Na yi haka a ramuka shida ɗin, biyar sun kama gam, ɗaya yana da ɗan motsi kaɗan da bai dame ni ba.

Da a nan aka tsaya, da na ciro katin banki.

Lambar Mark VI tana wuri uku: a jiki, a ƙarƙashin bututu, da kuma a gefen ganga daf da bakinta na baya. Ukun sun yi daidai, kuma wannan babban abu ne, don da yawa an haɗa su ne daga bindigogi daban-daban. Amma da na sa gilashi a kan lambar gangar, sai na ga ƙafafun lambobin babu su. An yanke su a miƙe, kamar an sa reza. Na juya bayan gangar, fuskarta fes take, farin ƙarfe mai zagayen sawun inji, babu ko ɗaya daga ƙananan hatiman da ya kamata a gani a wurin. Na rufe bindigar na ɗaga ta saitin fitila, ga rata a fili tsakanin bayan ganga da jikin bindiga, wadda a ta asali da ƙyar za ka ga haske ta cikinta. An aske ta.

Ga yadda abin ya samo asali. Lokacin da 'yan kasuwa suka shigo da waɗannan bindigogi Amurka a shekarun 1950 da 1960, harsashin .455 yana da wuyar samu, shi kuwa .45 ACP na sojan Amurka yana ko'ina, ga arha. Faɗinsu kusan ɗaya ne. Matsalar ita ce .45 ACP ba shi da leɓen da zai riƙe shi a ramin libarba, sai an jera shi uku-uku a wani siririn faranti mai siffar rabin wata, dabarar da aka ƙirƙiro wa libarbobin Colt da Smith & Wesson na 1917. Leɓen .455 kuma siriri ne ƙwarai, don haka babu wurin da farantin zai zauna. Sai 'yan kasuwar suka riƙa ɗora gangar a injin yankan ƙarfe suna cire kimanin milimita ɗaya da rabi daga bayanta. Ciniki ya buɗe, aka sayar da su tuli. Shi ya sa a Amurka yau askakku sun cika kasuwa, wadda ba a taɓa ba ita ake nema ruwa a jallo.

Illar biyu ce, kuma kowace ta isa. Ta farko ta mai tara kaya ce: ƙarfen da aka cire ba ya dawowa. Ana iya sa wani siririn faranti ya cike ratar don a harba .455, ana iya neman wata gangar a sauya, amma ta farko faci ce, ta biyu kuma ta raba ka da lambobin da suka yi daidai. Ta biyu ta shafi yatsun mutum da idonsa. An ƙera Mark VI ne don harsashi mai nauyi mai tafiya a hankali, dalma giram 17 da ba ta kai gudun mita 200 a daƙiƙa, da matsin da bai wuce fam 13,000 a kan kowane murabba'in inci ba. Harsashin .45 ACP na kanti ana yarda ya kai fam 21,000. Wato wanda ke harba shi a askakkiyar Webley, kowane harbi yana ɗora mata nauyin da ya kai ko ya wuce na gwajin masana'anta, a ganga mai siraran bango, a bindigar da ke karyewa a tsakiya kuma sakata ɗaya ce ke riƙe da ita. Masu wannan harka sun sha nuna hotunan gangunan da suka tsage. Akwai masu cika harsashinsu da kansu da sassauƙan albarushi, suna harbawa lafiya, wannan sana'arsu ce. Abin da ya fi damuna shi ne shekarun da ta yi a hannun mamacin. Harsashi nawa na kanti ta ci? Babu mai iya gaya mini. Ramin nan guda mai ɗan motsi, da na ɗauke shi ba komai ba, sai ya fara yi mini wata ma'ana. Ido ba ya ganin gajiyar ƙarfe.

Na kira dattijon na nuna masa lambobin. Bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce ya sani, kuma da na tambaya da ya faɗa. Na yarda da shi, amma a nan ne shagon ya rasa maki a wajena. A takardar an rubuta .455, a intanet ma haka, kuma babu hoto ko ɗaya na bayan ganga. Wanda ya saya daga wata jiha, aka aika masa ta hannun dillali mai lasisi kamar yadda doka ta tanada, sai kaya sun iso zai gani, in ma ya san abin dubawa. Labarin Kamaru na magada ne, na yi masa uzuri. Askin ganga kuwa aikin mai shago ne ya rubuta shi da manyan baƙaƙe, saboda magana ce ta lafiyar mai saye, ba ta kuɗi kaɗai ba. Na gaya masa haka, ya ɗauki biro a gabana ya ƙara a takardar. Shafin intanet ɗin ma ya gyara daga baya, na duba.

Wasu abubuwan game da shagon, a gurguje. Yana ba da kwana uku na dubawa ga wanda ya saya daga nesa, in ba a harba ba a mayar masa. Ya yarda in kai ta wajen maƙerin bindiga na zaɓina idan na ajiye kafin alƙalami. Ba ya wasa da takardu: fom ɗin gwamnati na sayen bindiga mai lamba 4473 da binciken FBI a kan mai saye kafin kaya su bar kanta, ko da bindigar ta girmi kakanka, sai fa mai lasisin tara tsofaffin makamai, wanda ake biya wa dala 30 na shekara uku. Yana da harsashin .455 na kamfanin Fiocchi kwali biyu a kan shiryayye, da tsada. Kayansa na Jamus sun fi na Ingila yawa, kuma a can ya fi ƙwarewa, da ka ji yana bayanin Luger, ƙaramar bindigar sojan Jamus, ka san gidansa ke nan.

Ina cikin mota yayana ya kira daga Kaduna, na ba shi labari. Ya ce, "To Malam, in ka saya sai ka taho mana da ita mu ga abin da Turawa suka riƙa tsorata kakanninmu da shi."

Na ce, "Yaya, rufa mini asiri. Ko a mafarki."

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba da duk wata ƙaramar bindiga a jerin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma ba ta ware tsohuwa ba. Duk ɗan'uwanmu da ke zaune a waje yana sha'awar irin kayan nan, ya san a inda ya saya nan za ta zauna.

Sai ciniki. A gwanjon da nake bi, askakkiya ba ta taɓa kama ƙafar wadda ba a taɓa ba, kuma dala 1,150 kuɗin wadda ba a taɓa ba ne. Na cire labarin Kamaru, na cire askin, na bar mata hakkinta na launi na asali da lambobi masu daidaito da hatimai masu kyau, na taya dala 650. Ya buga wa magadan waya a gabana, suka yi albarka, suka ce ba za su sauka ƙasa da 950 ba, har yanzu suna ganin takardar kakansu tana da kuɗi. Ban ga laifinsu ba, ban kuma ƙara ko dala ɗaya ba.

Wa ta dace da shi? Mai son abin ratayewa a bango wanda ba zai taɓa harbawa ba, idan ya same ta a kusa da abin da na taya, bai yi asara ba, don kyanta na gaske ne. Mai cika harsashi da kansa wanda ya san abin da yake yi, bayan maƙeri ya duba masa gangar, shi ma ruwansa. Mai tara kaya irina, wanda ke son ta yadda ta bar Birmingham, ya wuce. Wanda kuma yake tunanin zai sayi kwalin .45 ACP a kanti ya je filin harbi da ita ranar Asabar, kada ya kusance ta ko kyauta aka ba shi.

Shagon zan koma. Dattijon ya ce akwai wata Mark VI ta 1916 da ake sa ran za a kawo masa daga wani gadon, ya karɓi lambata. Na roƙe shi kafin in taso ya turo mini hoto biyu kawai, na bayan ganga da na lambar da ke gefenta, ya ce zai yi.